Rasuwar Kawu a Anka: Wa Zai Nuna Mana Iyakar Gona Gobe?



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda rai da ajali suke hannunSa. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu (SAW), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, 'yan'uwa masu karatu, na san an kwana biyu ba ku ji daga gare ni ba. Dalili kuwa shi ne rashi da aka yi mana. Allah Ya yi wa Kawuna, yayan mahaifiyata, rasuwa a cikin garin Anka, a wani ɗaki na aro da ke gidan wani ɗan'uwanmu. Ina roƙon duk wanda ya karanta wannan rubutu ya sanya shi cikin addu'a. Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya kyautata namu ƙarshen.

Kawu ba mai sarauta ba ne, ba kuma malamin da aka taɓa jin muryarsa a rediyo ba. Na yanke shawarar yin rubutu a kansa ne saboda tun ranar da muka dawo daga maƙabarta wata tambaya ta hana ni sakat, kuma ina ganin ta shafi duk wanda ke da dangi a ƙasar Anka, da Bukkuyum, da Gummi.

Gidan da ya sari daji

Ba a rubuta ranar haihuwar Kawu ba. Idan aka tambaye shi shekarunsa, sai ya ce yana yaro mai kiwon awaki labari ya iso ƙauyensu cewa Sarkin Musulmi Hasan ya rasu, an naɗa Abubakar. Wannan kuwa ya faru ne a 1938, don haka ya haura shekara casa'in a duniya. In ban da 'yan shekarunsa na ƙarshe, duk wannan rayuwa a tunga ɗaya ya yi ta, wata ƙaramar tunga da ke tsakanin Anka da Bukkuyum. Ba zan ambaci sunanta ba, domin har yanzu akwai masu shiga can a ɓoye su yi noma.

Kakansa ne ya sari wannan wuri. Yadda muka ji daga bakin Kawu, ya zo ne da gatari da fartanya da gafakar littattafai, ya nemi izni wurin hakimi, ya sauka gindin wata tsamiya. Kafin ya kafa bukkarsa sai da ya jera duwatsu ya fitar da filin masallaci, sannan ya haƙa rijiya. Daga baya mutane suka riƙa zuwa yana yanka musu gona. Da ya rasu ɗansa ya gaji limanci, da shi ma ya rasu Kawu ya gaje shi. Gero da dawa da auduga yake nomawa, da dare kuma yara su kewaye wuta a ƙofar zaurensa da allunansu, manya su zo bayan sallar asuba su ɗauki karatun littattafan farko na fiƙihu. Tafiya mafi nisa da na san ya yi ita ce zuwa Sakkwato ziyarar Hubbaren Shehu, sai kuwa cin kasuwar Gummi.

Amma akwai wani ilimi da Kawu yake da shi wanda ba a cikin gafaka yake ba. Ya san iyakar kowace gona a wannan yanki, ya san wanda ya sare ta da wanda aka ara wa da wanda ya gada. Ya san inda burtali ya taso da inda ya nufa, da mashayar da aka ware wa dabbobi. Ina yaro na taɓa bin sa wurin wani rikici tsakanin manomi da makiyayi. Bai yi dogon wa'azi ba. Ya ɗauki sandarsa ya shige gaba, jama'a na biye, ya tsaya gindin wata kuka ya ce daga nan zuwa wancan suri hanyar shanu ce tun zamanin kakansa, kuma mahaifin wannan manomi da kansa yana wurin ranar da aka sake jaddada haka. Manomin ya sunkuyar da kai. Sannan ya juya ga makiyayin ya lissafa masa damman da shanunsa suka ɓata, ya ce ya biya. Kafin la'asar magana ta mutu, ba a je gaban alƙali ba.

Akwai kuma alkawari tsakanin gidanmu da gidan arɗon rugar da ke kusa, wanda ba a taɓa rubuta shi ba. Idan an gama girbi, shanu su shiga gona su ci kara, su kwana su bar taki. Rijiya da safe ta mata ce, da rana ta masu shayar da dabbobi. In an yi haihuwa a ruga, Kawu ake kira ya raɗa suna. Wata rana na ce masa, "Kawu, ashe duk ƙasar nan tamu ce, tunda kakanmu ya sare ta." Ya dube ni ya ce, "A'a ɗana, kada ka ƙara faɗin haka. Wanda ya riga sauka, mai masaukin baƙi ne kawai. Ƙasa tana da Mai ita."

Yadda aka tashi

Masifa ba rana ɗaya ta zo wa yankinmu ba. A 2010 aka gano cewa yara suna mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda gubar dalma da ke cikin duwatsun zinare da ake kawowa gida ana daka su ana niƙawa. Dareta, Abare, Sunke, Bagega, 'Yargalma, Tungar Guru, duk sun ga wannan tashin hankali, yara fiye da 400 suka rasu. Ƙungiyar likitocin nan ta MSF ta daɗe tana jinyar waɗanda suka tsira. A lokacin Kawu ya hana a shigo da dutsen zinare cikin tungarsu, wasu matasa suka ji haushinsa, suna cewa tsoho ba ya son su yi arziki.

Sannan ɓarayin daji suka zo. Aka fara da satar shanu, aka koma satar mutane da neman kuɗin fansa, aka kai ga sai an biya haraji kafin a shiga gona. 'Yan sa-kai suka tashi, wasunsu ba su bambance mai laifi da marar laifi ba. Rugar da muka yi shekaru aru-aru muna maƙwabtaka da ita ta watse a dare ɗaya. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a jihar Zamfara, aka rufe kasuwannin mako, muka yi makonni ba mu san ko Kawu na raye ba. A farkon Janairu na 2022 kuwa aka afka wa ƙauyuka da dama a Anka da Bukkuyum. Mutanen yankin sun ce an kashe kimanin mutum 200, gwamnatin jiha ta ce 58. A wannan makon ne jikokinsa biyu suka ɗora shi a babur, ɗaya na tuƙi ɗaya na riƙe da shi ta baya, suka kawo shi Anka. Bai ɗauko komai ba sai gafakar kakansa da buzunsa na salla.

Ya yi sauran kwanakinsa a zaune bakin ƙofa. Duk wanda ya zo daga wajen ƙauye, tambaya biyu yake masa: tsamiya tana nan, kuma rijiya ba ta rufta ba? Ya so a binne shi kusa da mahaifinsa da kakansa. Da ya cika, muka yi shawara, aka ce hanyar ba ta biyuwa. Muka yi masa sutura a Anka.

Ban damu da wurin kabarin ba, domin ƙasa duk ta Allah ce, kuma babu rai da ya san inda zai cika. Abin da ya dame ni shi ne, a cikin dukanmu da muka tsaya sahu a kan gawarsa, babu mutum ɗaya da zai iya ɗaukar sanda ya nuna inda burtali ya bi. Idan gobe Allah Ya kawo zaman lafiya, kuma muna fatan zai kawo, aka ce kowa ya koma gida, gonaki sun zama daji, alamomi sun ɓace, manomi da makiyayi kowa da jini a zuciyarsa, wa zai shige gaba jama'a su bi shi, su yarda da maganarsa?

Abin da irin waɗannan gidaje suke haifarwa

Mai karatu zai iya cewa, ai liman ne na ƙaramar tunga, irinsu dubu nawa ne. To bari mu dubi Gummi. A can ne aka haifi Shaihu Abubakar Mahmud Gumi a farkon shekarun 1920, a gidan Malam Mahmud, malami kuma alƙalin garin. A wurin mahaifinsa ya fara karatun Alƙur'ani da na addini, kafin ya tafi makarantar Dogon Daji, ya wuce Midil ta Sakkwato, sannan Makarantar Shari'a ta Kano, wadda ya gama a 1947. Ya koyar a Maru tare da Malam Aminu Kano, ya ƙaro karatu a Sudan, ya zama Alƙalin Alƙalan Arewa daga 1962 zuwa 1967. Ya fassara Alƙur'ani mai girma zuwa Hausa, tafsirinsa na Masallacin Sultan Bello a Kaduna ya shiga gida-gida ta rediyo, aka ba shi lambar yabo ta Sarki Faisal a 1987. Ya rasu a Landan ranar 11 ga Satumba, 1992, aka binne shi a Kaduna.

Duniya ta san ɗan, amma mutum nawa ne suke tunawa da zauren da ya fara riƙe allo a cikinsa? Da a ce gidan Malam Mahmud bai samu zama a Gummi ba, da a ce kullum suna cikin ɗaure kaya ana gudun ceton rai, anya yaron nan zai samu natsuwar da zai haddace ko da izu ɗaya? Karatu yana son zama wuri ɗaya, yana son uban da ya san gobe da safe yana nan, da maƙwabtan da za su aiko da tuwo. Tsofaffin da suka zauna ba su motsa ba, su ne suka yi wa waɗanda suka fita suka shahara shimfiɗa.

Kawu ɗan ɗariƙar Ƙadiriyya ne har ya koma ga Allah, kuma akwai mas'alolin da bai taɓa yarda da Shaihu Gumi a kansu ba. Duk da haka, idan azumi ya zo sai ya sayi sabon batir ya kunna rediyo ya saurari tafsirin daga farko har ƙarshe. Yakan ce, "Ku yi shiru mu ji ɗan alƙalin Gummi." In an zo inda suka saɓa sai ya girgiza kai, ba zagi, ba tsinuwa. Ya san gidan da mutumin ya fito, wannan ya ishe shi ya ba shi kunnensa. Mu da muka yi karatun zamani muke faɗa da juna a waya kan abin da bai kai wannan ba, ya kamata mu ji kunya.

Yau yaran da ya kamata a ce suna kewaye da wuta a zaurukan ƙauyukanmu suna yawo da roba a titunan Anka da Gummi da Gusau. A cikinsu akwai mai kaifin ƙwaƙwalwar da zai iya zama alƙali ko mai fassara. Annabi (SAW) ya yi mana gargaɗi cewa ana ɗauke ilimi ne ta hanyar mutuwar masu shi. Mun saba fahimtar wannan a kan manyan malamai masu suna. Ni kam yanzu na fahimce shi har a kan limamin tunga.

Asali ba abin alfahari ba ne

Na san akwai wanda zai ce, Malam, wannan magana taka tana warin alfahari da asali, alhali Musulunci ya rushe wannan. Wani kuma zai ce ai cewar "mu ne muka sari gari, ku baƙi ne" tana cikin abin da ya hura wutar da ke cinmu. Duka biyun gaskiya suka faɗa, kuma ba zan kauce musu ba.

Alƙur'ani ya sanar da mu cewa rarrabuwar mutane zuwa dangogi da ƙabilu don sanin juna ne, ɗaukaka kuwa tana ga tsoron Allah. Hadisi ma ya nuna cewa wanda aikinsa ya jinkirtar da shi, dangantakarsa ba za ta kai shi gaba ba. Na ga 'ya'yan manyan gidaje da suka sayar da burtali aka mayar da shi gona, suka karɓi na goro suka rufe mashaya. Irin waɗannan, sunan kakanninsu hujja ce a kansu ranar gobe. Ruwa ba ya tsami banza, kuma duk mai son gaskiya ya san akwai zaluncin da aka yi wa makiyaya kafin wasu daga cikinsu su ɗauki bindiga, kamar yadda babu wani zalunci da zai halatta abin da ɓarayin daji suke yi wa bayin Allah.

Tarihin ƙasarmu da kansa ya isa ya kashe girman kan duk mai taƙama da asali. Sarautar Sarkin Zamfara da ke Anka a yau ba a Anka ta fara ba. Daga Dutsi ta taso, ta yi zamani a Birnin Zamfara, har Gobirawa suka ci birnin a tsakiyar ƙarni na 18 a zamanin Sarkin Gobir Babari, suka kafa Alkalawa. Sarakunan Zamfara suka yi ta sauya mazauni, daga Kiyawa zuwa wasu wurare, kafin su tabbata a Anka a ƙarni na 19. Ashe ke nan Anka ta san karɓar wanda aka kora daga gidansa tun ba yau ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ma ya yi kimanin shekara biyar yana yawon wa'azi a ƙasar Zamfara, kuma bayan hijirarsa zuwa Gudu a 1804, jama'arsa ta sauka a Sabon Gari cikin ƙasar Zamfara a 1805 kafin ta wuce Gwandu. Kakan Kawu shi ma baƙo ne ranar da ya ajiye gatarinsa gindin tsamiya. Babu wanda ya tsiro daga ƙasa kamar gero.

Saboda haka abin da nake kuka a kansa ba gata ba ne, amana ce. Gidan da ya riga sauka yana ɗauke da nauyin tuna alkawari, da raba gardama, da buɗe zaure ga mai neman karatu, da yanka wa baƙo gona. In ya sauke wannan nauyi ya cancanci a girmama shi, in ya ci amana ya fi kowa laifi. Kawu ya sauke nasa gwargwadon ikonsa. Mu ne ba mu karɓa daga hannunsa ba.

Laifina, da abin da ya rage

Ba zan ɗora wa kowa laifi kafin kaina ba. Na bar gida na tafi birni, ina zuwa da salla in gaida shi in ajiye ɗan abin da ya sawwaƙa in juya. Shekarun da ya yi a Anka yana zaune bakin ƙofa ba shi da aikin yi, waya tana aljihuna wadda za ta iya ɗaukar magana ta awa goma, amma ban taɓa zama na ce, "Kawu, faɗa mini gonakin nan ɗaya bayan ɗaya" ba. Kullum sai in ce sai wani zuwan. Hausawa sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Da muka buɗe gafakar bayan kwana uku, mun samu littattafan kakansa, da wata takarda mai sunayen malaman da gidanmu ya yi karatu a wurinsu. Iyakokin gona da alkawarin ruga kuwa, ya tafi da su a ƙirjinsa.

Ga shawarata ga 'yan'uwa, musamman 'yan yankinmu da ke Gusau da Sakkwato da Kaduna da Abuja da ƙasashen waje.

Na farko, tsofaffin nan ba su ƙare ba. Suna nan a gidajen dangi da wuraren 'yan gudun hijira a Anka da Bukkuyum da Gummi, maza da mata. Tsofaffin mata ma sau da yawa sun fi maza sanin wa ya haifi wa, da wa ya sha nonon wa, abin da halaccin aure da rabon gado suka rataya a kansa. Duk mai tsoho ya je ya zauna gabansa da takarda ko waya, ya tambaye shi iyakoki, da burtali, da wuraren kaburbura, da gonakin aro da na gado. A yi haka gaban shaidu biyu, a kai wa hakimi ko limami kwafi. Addininmu ya umurce mu da rubuta bashi komai ƙanƙantarsa, to ina ga haƙƙin ƙasa da ake zubar da jini a kansa?

Na biyu, a nemi tsofaffin Fulani da suka watse, a ji nasu ɓangaren. Alkawari mutum biyu ke ƙulla shi. In aka rubuta bakin manomi kaɗai, an shuka wata rigimar ce.

Na uku, kowane limamin ƙauye da ya yi gudun hijira, makaranta ce take zaune ba ɗalibai. Tabarma da alluna da ɗan abin cefane sun isa a mayar da shi bakin aikinsa, yaran da ke gararamba su samu wurin zama. Wannan sadaka ce mai gudana, kuma ba ta fi ƙarfin mutum biyar in sun haɗa hannu ba. Mutanen Madina ba jira suka yi a zo daga wani wuri a taimaki waɗanda suka yi hijira zuwa gare su ba.

Na huɗu, ga masu riƙe da madafun iko: ba buhun shinkafa mutanen nan suka fi bukata ba, hanyar komawa gida suke so. Kare rai da dukiya shi ne farkon abin da Allah zai tambaye ku. Tsohon da ya shekara casa'in bai taɓa kwana da haƙƙin kowa ba, bai kamata a ce gawarsa ta kasa isa kusa da ta mahaifinsa ba.

Mako guda bayan rasuwar, ɗaya daga cikin jikokin da suka ɗauko shi a babur ya saci jiki ya leƙa tungar. Ya ce rufin masallacin ya faɗa, ciyawa ta rufe ƙofar zaure, amma tsamiya tana nan, kuma da ya jefa dutse a rijiya ya ji ƙarar ruwa. Na so a ce Kawu ya ji wannan labari. Na yi wa kaina alkawari, in Allah Ya kai mu, ranar Juma'a mai zuwa zan tafi Gummi wurin ƙanwarsa, wadda ita kaɗai ta rage a ɗakinsu, da littafi da alƙalami.

Allah Ya gafarta wa Kawu da dukan magabatanmu. Allah Ya mayar da duk wanda aka raba da gidansa, Ya shiryi masu ɓarna in masu shiryuwa ne, in kuwa ba haka ba Ya yi mana maganinsu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa.